Motar Cajin Alhaji Sai-an-tura

In ka shiga Sabon Garin Gusau kana neman gidan Alhaji Sahabi, kada ka ɓata bakinka da cewa Alhaji Sahabi, don kallonka kawai za a yi. Ka ce gidan Sai-an-tura, yanzu mutum uku su nuna maka ƙofa lokaci guda. Amma ka faɗa ƙasa-ƙasa, domin in ya ji, ranar ba za ku rabu da daɗi ba.

Sunan nan kuwa ba wani maƙiyi ne ya laƙa masa ba. Surukarsa ce, Inna Tambaya ta Karakkai, uwar matarsa Hajiya Luba. Shekara ashirin da biyu ke nan, lokacin yana direban haya, ya ɗauko ta a wata akwalar motarsa zai kai ta biki. Tsakanin Bungudu da Gusau sau biyar motar na mutuwa, sau biyar Inna na fitowa ta ɗaure gyale a ƙugu ta tura. Da suka isa, ta rantse a gaban jama'a ba ta ƙara zama cikin motar da shi ya tayar da injinta. To, kun san suruka ba ta kama sunan mijin 'yarta, sai dai ta sakaya. Wani a ce masa Mai Gida, wani Alhajin Birni. Shi rabonsa Sai-an-tura.

Bayan nan Allah ya buɗa masa. Ya bar tuƙin haya, ya koma sarin hatsi, ya je Makka sau biyu, ya gina bene, ya ajiye tumbi. Sunan ko gezau bai yi ba.

Ana nan sai Mansura, ƙanwar Hajiya Luba da ke aure a Tsafe, ta haifi namiji, mijinta ya aiko cewa sunan Alhaji za a mayar. Ranar Alhaji har da ƙarin tuwo. Yana cikin suɗe kwano Hajiya Luba ta ce, "Ka dai san Inna ba ta iya kiran yaron ga da sunanka. Laƙabi za ta sa mishi. Kuma duk laƙabin da Inna ta sa, ya zauna ke nan."

Alhaji ya tsaya da yatsa a baki. "Wane laƙabi?"

"Ni ina zan sani? Kai dai ka san wanda take kiranka da shi."

Alhaji ya ture kwanon gefe. Shi ya sha, ya haƙura, amma a ce jariri ɗan kwana bakwai ya gaji abin kunyar wata akwala da tuni aka sayar wa 'yan gwangwan? A ce yaron nan ya girma, ya yi gemu, ya zama ko likita ne, ana kiransa Dokta Sai-an-tura? Wallahi ba zai yiwu ba.

Allah da ikonsa, cikin makon ne motar da ya aika a sayo masa ta iso daga Kano a bayan babbar mota. Fara sol, ƙirar China, ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya. Dillalin da ya kawo ta ya tsaya zai yi masa bayani, ya nuna masa wata lamba a allon gaban direba, ya ce, "Alhaji, wannan lambar ita ce ran motar. Ka ga yanzu casa'in. In ta sauka, a jona ta a wuta ta cika kafin a yi doguwar tafiya."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Malam, shekara goma sha takwas ina kan titi. Ban taɓa ganin allurar mai da ta faɗi gaskiya ba. In allura ta ce babu, to akwai na zuwa Funtua a dawo. Je ka abinka, ka gai da mutanen Kano."

Nan take ya tsara abin da zai yi. Ranar suna zai wakilta ƙanensa wurin raɗi da safe, shi kuma ya tafi Karakkai ya ɗauko Inna Tambaya a motar nan, ya sauke ta ƙofar gidan suna a Tsafe kafin azahar, cikin sanyin esi, ba hayaƙi, ba ƙara, ba turi. Daga nan in tana da kunya, ai sai dai ta ce wa yaro Mai Lantarki.

Hajiya Luba ta ce, "Ka manta rantsuwa ta yi?"

"Cewa ta yi motar da na tayar da injinta. Wagga ba ta da inji! Na tambayi liman, ya ce babu kaffara."

Abu na farko da ya fara ɓata masa rai da motar shi ne shirunta. Mutum ya yi sabuwar mota, ai so yake in ya karyo kwana unguwa ta sani. Alhaji ya karyo kwanar majalisarsu da la'asar, ya tsaya daf da benci, ba wanda ya waiga. Suna ta gardamar kuɗin taki. Ya jira, ya yi gyaran murya, shiru. Sai da ya sauke gilashi ya daka tsawa, "Jama'a, ga ni nan fa!" Sannan Malam Idris bakanike, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, ya zabura har takalminsa ɗaya ya fita.

"Subhanallahi! Alhaji, turo ka anka yi?"

"Wa ya turo ni? Da ƙafarta ta zo!"

"To ai ban ji komi ba. Tayar da ita mu ji."

"A tashe take."

Malam Idris ya kara kunne a jikin motar, ya zagaya baya yana neman salansa, bai gani ba. Ya ce a buɗe masa gaba. Da aka buɗe, ya leƙa, ya ga wani ɗan akwatin roba wayam, sai ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Alhaji, an sace maka inji a hanyar Kano!"

Majalisa ta kwashe da dariya. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Jahilci dai ba kyau. Idris, ka fara neman wata sana'a. Motar ga ba filogi, ba kabureta, ba juyen baƙin mai. Daga yau ni da gareji sai dai gaisuwa. Mutanen da sunka ƙera ta ma sun ce ba su taɓa sayar ma wanda ya gane ta da sauri kamata ba."

"Yaushe sunka ce?"

"Sun aiko."

Kwana uku Alhaji na zagaya Gusau da jama'a. Ya kai liman asibiti dubiya, ya kai 'yan majalisa Ruwan Bore ganin gonar da ba tasa ba, ya kai mai shayi gida. Kowace safiya kuma sai ya ɗumama ta, kamar yadda ya saba yi wa kowace mota tun yana saurayi: ya kunna, ya ƙure esi, ya bar ta awa guda tana tsaye, shi yana gefe yana shan koko yana gyaɗa kai. Kaji ma sun raina ta. Ba sa jin zuwanta, sai ya yi ta danna hon kafin su kauce, su ma a yangance.

A cikin kwana ukun nan ba a kawo wuta ba ko ta minti ɗaya.

Safiyar suna Hajiya Luba ta shiga gaba, ta dubi allo. "Alhaji, ranar da anka kawo ta casa'in na gani. Yanzu hamsin ba biyu."

Alhaji ya cire hularsa ya rataya ta a kan allon, lamba ta ɓace. Haka yake yi wa duk wata fitila da ta dame shi a tsofaffin motocinsa, kuma ba wadda ta taɓa yin ƙorafi. Ya ɗauko wata hular daga aljihu ya kafa. Ya duba but, ya tabbata galan ɗin fetur ɗinsa na nan, wanda bai taɓa fita gari ba tare da shi ba. Suka kama hanyar Bungudu.

Da suka shiga Karakkai, gari ya watse ya biyo su. Alhaji ya tsaya a ƙofar gidan surukai, ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Inna Tambaya ya kwashi gaisuwa, kai a ƙasa. Inna ta amsa tana kallon bango. Haka suke tun ranar da aka ɗaura aure, magana ba ta wucewa daga ita zuwa shi sai ta bi ta kan Luba.

"Ke Luba, tambaye shi, wagga ɗin mutum nawa take buƙata a baya?"

"Ce ma Inna," in ji Alhaji, murya a sanyaye, "wagga ko ɗan yatsa ba a sa mata."

"Ce mishi na ji. Amma takalmin turina zan sa."

Da Alhaji ya fito waje, ya tarar da Yazid, wan Hajiya Luba, da dattawan unguwa sun kewaye motar. Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce motar nan ba hawa kaɗai ake yi da ita ba, ita kanta gidan wuta ce. Ya ɗauko wata igiya da dillali ya haɗo masa da ita, ya soka a gefen motar, ya nuna musu soket a ɗaya bakin. "Duk abin da wutar gwamnati ke yi, wagga ta yi ninkinsa. In na ga dama, garin ga duka in haska shi."

Yazid ya ce, "Allah, Alhaji? Ai ko wata biyu ke nan rabonmu da wuta. Ko in ɗan sa wayata?"

"Sa mana! Wayarka mi ta ke ci?"

To, suruki bai cewa a'a a gidan surukai, balle wanda ya riga ya cika baki. Kafin a jima an jawo dogayen soket uku an haɗa su baki da baki, wayoyi sun fi arba'in kwance a tabarma kamar an shanya kifi. Mai aski ya kawo injin askinsa ya dasa kujera a inuwar motar. Wata amarya ta aiko da dutsen guga, don a goge wa Inna zanen da za ta ɗaura, daga nan aka goge na duk matan gidan. Aka kawo butar lantarki aka dafa wa dattawa shayi zagaye biyu. Mai shago ya sa aka rarumo firjinsa mutum huɗu, wai ko zoɓonsa ya ɗan ji sanyi. Tsofaffi uku kuma suka shige cikin motar, ƙofofi a buɗe, suna shan esi suna sa wa Alhaji albarka.

Hajiya Luba ta zo ta ɗaga hula ta leƙa, ta saki. Ta matso kusa da shi. "Talatin da ɗaya."

"Allura ce, ƙarya take."

"Ba allura ba ta, lamba ta."

"Duk uwarsu ɗaya."

Inna kuwa ba ta san sauri ba. Sai da ta yi walaha, ta ci fura, ta canza ɗankwali sau biyu, sannan aka fara fito da kayan barka. Buhun gero. Ƙullin daddawa da na kuka. Kwalbar man shanu. Kaji huɗu a ɗaure. Damin itace biyu na ruwan wankan jego, da ƙatuwar tukunyar da za a dafa shi. Sai ga wata akuya.

"Ce ma Inna," in ji Alhaji, "akwai itace a Tsafe."

"Ce mishi na Tsafe hayaƙi gare shi. In motar ba ta iyawa ya faɗi, in nemi a-kori-kura."

"Ce mata ta iya! Ko raƙumi ne a sa!"

Aka ɗaure itace a saman sabuwar mota fara sol. Akuya ta shiga but ita da galan. Tukunya ta hau cinyar Hajiya Luba. Tsofaffin nan uku da ke shan esi kuwa ashe ba fita za su yi ba, ƙawayen Inna ne, da su za a. Inna ta yi bisimilla ta shiga da ƙafar dama, ta zauna a bayan direba, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu. Alhaji ya ji wani daɗi ya ratsa shi har ƙwalla ta taru masa. Mai firji ya biyo su yana roƙon a ƙara masa minti goma, ƙanƙara ta kusa kamawa.

Da farko tafiya ta yi kyau, ban da ƙarya. Motar na sulalawa kamar a kan tabarma, sanyi na busawa, tsofaffi na salati. Har Alhaji ya ji Inna ta ce wa ƙawarta, ƙasa-ƙasa, "Ba laifi." Kalma biyun nan sun fi masa bene.

Da suka shigo Gusau, Hajiya Luba ta ga ƙwan fitila na ci a ƙofar wani shago. "Alhaji, an kawo wuta! Mu ratsa gida mu jona ko awa biyu ne." Ta ɗaga hula. "Sha shida."

Alhaji ya dubi madubi, ya ga idon Inna a kansa. Ya tsaya a gida, a gaban majalisa, a gaban Idris, ya ciro igiya ya jona mota a bango kamar mai ba jinjiri nono, Inna na zaune tana kallo? Ina! Kuma hanyar Tsafe ba hanyar da ake bari yamma ta yi a kanta ba ce.

"Mayar da hular nan," ya ce.

Ya bi ta gaban majalisa da gangan, ya rage gudu, ya ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a. Malam Idris ya miƙe yana nuna fitilar garejinsa. "Alhaji! An kawo! Zo ka ba ta ta sha!"

"Ta ƙoshi!" in ji Alhaji, ya taka.

Sun ci fiye da rabin hanya sai motar ta fara wani ƙara, ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, kamar tsako ya ɓace wa uwarsa. Alhaji ya kunna rediyo ya ƙure. Can sai esi ya ɗauke da kansa. Alhaji ya sauke gilasai ya ce iskar Allah ta fi lafiya. Warin daddawa da na akuya suka gauraye. Da garin Tsafe ya fara bayyana, ya taka totur ya ji kamar ya taka tuwo, motar ta ƙi ƙara ko taki ɗaya. Wani rami ya girgiza su, hula ta faɗo. A tsakiyar allo ga wani hoto ya fito, rawaya, yana ƙyaftawa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta miƙo wuya. "Laa! Kunkuru!"

Kunkuru ne kuwa, da ƙafafunsa da ƙoƙon bayansa, ba wanda zai ce wani abu ne daban.

"Ke Luba," in ji Inna, "tambaye shi, wanga hoton mai motar na ko na motar?"

"Ce ma Inna alama ce ta cewa an shigo gari. Motar ga ta san doka, ba ta gudu cikin mutane."

Mai babur ya wuce su. Keke mai ƙafa uku ya wuce su da fasinja shida. Sai wani dattijo a kan keke, da damin rake a baya, ya iso daidai tagar Alhaji, ya ga ba dalilin wucewa ba gaisuwa.

"Salamu alaikum, Alhaji. Barka da rana."

"Barka kadai."

"Ya hanya? Ya iyali? Ya aka ji da zafi?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Ya kasuwa? Ina gajiya? Su Hajiya, sannunku. Ya jikin tsufa?" Sai da ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kuɗin akuya, aka ce ba ta sayarwa ba ce, sannan ya ce, "To, ni ina ɗan sauri," ya taka kekensa ya bar su.

Motar ta ja jiki, ta ja jiki, ta zo daidai bakin tashar Tsafe, inda rabin direbobin suka san Alhaji tun yana haya, ta yi wata 'yar ajiyar zuciya ta tsaya cak. Ladan na kiran azahar. Gidan suna na can ƙarshen layi, ana hango rumfa da kujeru.

Ba wanda ya yi magana a cikin motar sai akuya.

Alhaji ya yi abin da kowane tsohon direba ke yi. Ya fita ya girgiza motar, don abin da ya kwanta a ƙasan tanki ya taso. Ya koma ya danna, shiru. Ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon akwatin roba, hannu a ƙugu. Kafin ya rufe, direbobi sun taru.

"Kai! Wa nake gani? Sai-an-tura ne da kanshi!"

"Alhaji, ba dai halin na nan ba?"

"Hutawa take," in ji Alhaji. "Ta saba in an kira salla ta tsaya."

Wani mai sayar da man bumburutu ya taho a guje da galan da mazurari. Ya zagaya motar sau biyu, ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefe, ya ga ramuka ƙanana kamar hancin alade, ya rasa inda zai soka mazurarin. "Alhaji, ta ina take ci?"

"Ba ta ci."

"To mi ya kashe ta?"

Wani ya hango galan ɗin Alhaji a but kusa da akuya. "Ga mai nan ma yana da shi! Alhaji, wanga na akuya na?"

Dariya ta tashi har masu lodin Funtua suka bar motarsu suka zo kallo. Shugaban tasha, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura, ya tsawata musu. Ya ce ba a yi wa ɗan'uwa haka, kowa ya san maganin mota in ta mutu. "Alhaji, shiga ka sa ta giya biyu. Ku kuma ku kama!"

Alhaji ya san motar nan ba ta da giya biyu. Amma a can cikin zuciyarsa akwai wani abu da ke gaya masa cewa ba a taɓa ƙera motar da turi bai tayar ba. Shekara goma sha takwas bai ga ko ɗaya ba. Ya shiga, ya murɗa ɗan maɓallin giya, ya riƙe sitiyari.

Majiya ƙarfi goma suka dafa. "Ɗaya, biyu, hayya!" Motar ta gangara, itace na rawa a sama, kaji na kuka.

"Saki kuloci!" in ji shugaban tasha.

Alhaji ya laluba da ƙafar hagu, ya taka tabarmar roba.

"Saki kuloci mana, Alhaji!"

"Babu!"

"Babu mi?"

"Babu kuloci!"

"An sace shi?"

"Haka anka yi ta!"

Suka ce gudun ne bai isa ba. Aka ƙaro mutane, masu dako da masu sayar da rake da wani ɗan sanda da ya ajiye hularsa. Aka koma da ita baya har bakin tasha aka sake turowa a guje. Shiru. Aka sake. A karo na uku wani ya ce nauyi ne ya yi yawa, a rage tsofaffi. Kafin kowa ya buɗe baki, ƙofar baya ta buɗe. Inna Tambaya ta sauko a hankali, ta warware gyalenta, ta ɗaure shi tamau a ƙugu. Alhaji ya gani a madubi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ce ma Inna don girman Allah ta koma ciki!"

"Ce mishi ya riƙe sitiyarinshi. Na san wurina, nan gefen hagu, kusa da fitila."

Da haka ayari ya shiga layin gidan suna. Mata sun ji hayaniya sun fito da guɗa, don an gaya musu kakar jariri za ta iso a motar da ba a taɓa ganin irinta ba a Tsafe. Suka ga mota fara ɗauke da itace, mutum ashirin na nishi a bayanta, kakar jariri ta ashirin da ɗaya da hannu ɗaya a kan but, akuya na leƙenta ta gilashi. Mai guɗa ta tsaya a tsakiya, bakinta a buɗe. Maroƙin da aka ɗauko ya riga ya ɗaga lasifika ya fara, "Ga Alhaji mai motar da ba ta..." sai ya rasa yadda zai ƙarasa, ya sauke.

Mijin Mansura, mutumin kirki, ya jawo ɗan ƙaramin janaretonsa aka jona motar. Janareto ya yi tari biyu ya mutu shi ma.

Bayan an yi salla an ci abinci, aka kira Alhaji cikin gida ya ga takwaransa. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a bakin ƙofa, babbar rigarsa sharkaf da gumi. Ɗaki cike da mata. Inna Tambaya na zaune a tsakiyar gado, an miƙa mata jariri, kowa ya yi tsit ana jiran abin da za ta kira shi.

Duk cika bakin Alhaji ya ƙare. Ya matsa kusa da matarsa. "Ce ma Inna na tuba. Laifina ne, ba na motar ba, ba na yaron ga ba. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da sunan nan. Don Allah ta sauke mini shi hakanan."

Hajiya Luba ta maimaita, ko da yake ba wanda bai ji ba.

Inna ta daɗe tana kallon jaririn. Ta gyara masa hula, ta shafa kumatunsa, ta yi masa addu'a. Sannan ta ce, "Ce mishi ya yi gaskiya, kuma na sauke. Daga yau kada in ƙara jin wani ya ce mishi Sai-an-tura. Zalunci na. Waccan akwalar, Allah ya jiƙanta, in an tura tana tashi. Wagga ko, mutum ashirin da ni ta ashirin da ɗaya, ko tari ba ta yi ba." Ta ɗago kai ta dubi bango. "Shi yanzu Ko-an-tura."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa a bayan labule, sai ɗakin duka ya ɗauka.

"To yaron fa, Inna?" in ji Mansura tana share hawayen dariya.

Inna ta ɗan taɓa bayan jaririn da yatsa biyu. Ya motsa, ya yamutsa fuska, ya tsala kuka.

"Kun gani? Wanga yana tashi. A ba shi tsohon sunan, tunda mai shi ya gama da shi."